Wuƙar Japan da Wuƙar Maƙerin Gari: Me Ake Dubawa Kafin a Biya Kuɗi?

Gaisuwa ga mutanen Ruwan Bago da Zarewa da Fulatan da Beli da Gwangwan, da na cikin garin Rogo, har zuwa Ƙaraye da ƙauyukan da ke bakin dam ɗin Challawa. Zancenmu na yau a kan wuƙa ne. Duk mai wayar zamani ya taɓa cin karo da bidiyon nan da ake nuna wuƙar Japan tana ratsa tumatir ba tare da an riƙe shi ba, ko tana tsaga takarda a tsaye. Matasan 'yan tsire da masu gidajen abinci sun fara tambayar inda ake samunta, wasu ma sun fara raina wuƙar da suka gada. Ni abin da zan kare a wannan shiri guda ɗaya ne: abin da ke sa wuƙa ta yi aiki shi ne fasalinta da yadda aka zaftare ƙarfenta daga baya zuwa baki, kuma dole waɗannan biyu su dace da aikin da za ta yi. Sunan ƙasar da aka buga a jikinta da walƙiyarta a baya suke zuwa. Wanda ya gane haka zai iya zaɓen wuƙa mai kyau ko a rumfar maƙeri ranar kasuwa, wanda bai gane ba kuwa zai iya kashe kuɗin akuya ya sayo abin da ba zai amfane shi ba.

Mu fara da abin da ke faruwa idan wuƙa ta shiga nama ko dankali. Bakin wuƙa, wato siririn layin nan mai kaifi, shi ke buɗe hanya. Amma da zarar ya nutse, sauran aikin ya koma kan jikin wuƙar, domin dole ƙarfen da ke bin bakin ya tura abin da ake yankawa gefe da gefe kafin ya wuce. In ƙarfen ya yi kauri daf da baki, wuƙar za ta cije a tsakiya ko da kaifinta ya kai na askar wanzami. Uwargida ta san wannan ko ba ta taɓa faɗa ba. Ta ɗora wuƙa a kan kabewa, bakin ya shiga da sauƙi, sai ta tsaya cak. Ta danna da tafin hannu, kabewar ta yi ƙara ta fashe, tsagar ta karkace ta bi inda ta ga dama. Ba yanka aka yi ba, faskare aka yi. Sai a ce wuƙa ta dakushe, a kai ta wurin mai washi, ta dawo da kaifi, gobe kuma ta sake cijewa a wuri ɗaya, domin ciwon yana bayan baki, an yi wa baki magani.

Mutanen Japan sun yi suna a wannan fanni saboda tarihi ya tilasta musu. Garin Sakai, kusa da Osaka, ya shahara da ƙira tun ƙarni na 16, lokacin da Turawan Fotugal suka kawo taba, aka buƙaci wuƙaƙe masu sirantaccen baki da za su yanka ganyen taba ƙanana-ƙanana. Daga baya, a shekarar 1876, gwamnatin Sarki Meiji ta hana mutane yawo da takobi, maƙeran takubba da yawa suka rasa masu saye, suka juya ga wuƙar girki da kayan aikin gona. Garin Seki yana cikin wuraren da aka yi wannan juyi. Ga kuma wani abu da ya kamata mai sauraro ya riƙe: tun shekarar 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar hana cin naman shanu da dawaki da kaji da wasu dabbobi, kuma ƙyamar naman dabba ta daɗe a ƙasar har zuwa 1872, da aka sanar cewa Sarki Meiji da kansa ya ci naman sa. Ke nan wuƙaƙen gargajiyar Japan ba don fawa aka ƙera su ba. Don kifi da ganye aka ƙera su, a ƙasar da teku ya kewaye. Mu kuwa mutanen tudu ne, masu rago da bijimi da tsire da kilishi.

Ku dubi yadda suka raba aikin. Akwai wadda suke kira yanagiba, doguwa siririya, tsawonta kan kai santimita 27 zuwa 33, aikinta yanka tsokar kifi da jan hannu ɗaya daga gindi zuwa tsini, ba kai-da-komo. Akwai deba, gajera mai nauyi, kaurin bayanta kan kai milimita 7, ita ke cire kan kifi ta bi ƙaya ta raba tsoka. Akwai usuba da ƙanwarta nakiri, masu miƙaƙƙen baki marar tsini, na ganye da albasa a kan katako. Sai giyuto, wadda suka kwaikwaya daga wuƙar Turawa bayan sun fara cin nama, mai ɗan lanƙwasa a baki, tsawonta santimita 21 ko 24, bayanta bai fi milimita 2 da ɗan wani abu ba. Sai santoku, gajeriyar wuƙar gida da ta bazu bayan yaƙin duniya na biyu. Babu ɗaya a cikinsu da mai girkin Japan zai sara ƙashin sa da ita. Ko deba da kaurinta, ƙayar kifi da gaɓar kaza ce iyakarta. Masuncin da ke gyaran tarwaɗa da karfasa a bakin dam ɗin Challawa, wanda aka kammala a 1992, shi ne a yankinmu wanda deba za ta fi yi wa rana, ba mahauci ba.

To mu ma ai muna da wannan rabo, sai dai ba mu ɗauke shi da muhimmanci ba. Je ka tsaya kusa da tsohon mahauci ka ƙirga abin da ke gabansa. Wuƙar yanka daban ce, doguwa, bakinta kusan a miƙe. Dalilinta yana cikin fiƙihu: a mazhabar Malikiyya ana so a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da an ɗage hannu kafin a gama ba, kuma gajeriyar wuƙa a wuyan bijimi ba ta ba da wannan dama sai da goge-goge. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito, wanda shi ne na 17 a Arba'una ta Nawawi, ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar, saboda haka maganar kaifi a wurinmu ta wuce gwaninta, ta shiga ibada. Wuƙar fiɗa kuwa gajera ce mai ciki, bakinta ya lanƙwasa sama, domin da cikinta ake shafa tsakanin fata da nama, ba da tsini ba. Kano garin fata ne tun kafin zuwan Bature, kuma duk dillalin fata zai gaya maka cewa huda ɗaya a tsakiyar fatar akuya ta isa ta karya mata daraja. Yawancin hudar nan daga wuƙa mai tsini take zuwa, a hannun wanda ya ɗauki wuƙar yanka ya yi fiɗa da ita. Ƙashi kuma na gatari ne ko adda. Abin takaici, ranar Babbar Sallah a gidaje da yawa wuƙa ɗaya ce ke yin duka ukun, ta yanka, ta feɗe, ta sari ƙashi, kafin azahar bakinta ya yi giɓi, a ɗora laifi a kan maƙeri.

Yanzu mu zo kan zaftarar ƙarfen, wadda ita ce zuciyar maganar. Wuƙaƙen gargajiyar Japan, yanagiba da deba da usuba, gefe ɗaya ake zaftarewa. Gefen dama yana gangarowa zuwa baki, gefen hagu kuma a shafe yake, har da ɗan rami marar zurfi da aka kwarfe a tsakiyarsa domin kada nama ya manne kuma washi ya yi sauƙi. Amfanin wannan ƙira shi ne bakin yana fita siriri ƙwarai, kuma yana ture abin da aka yanka gefe guda. Illarta ita ce wuƙar tana janyewa gefe idan aka tura ta cikin abu mai kauri, sai wanda hannunsa ya saba. Giyuto da santoku da nakiri gefe biyu ake wasa su kamar namu, sai dai kowane gefe kan tsaya kusan digiri 15, alhali wuƙaƙen Turai na da can sukan kai digiri 20. A jikin wuƙa mai gefe biyu kuma ƙira uku ce ake gani. Wata tana gangarowa a miƙe daga baya har baki. Wata tana da ɗan tudu, ta kumbura kaɗan kafin ta sirance, wannan ita ce ke sakin yankakken dankali ba ya mannewa, kuma bakinta ya fi juriya. Wata kuma an kwarfe gefenta da dutsen inji mai zagaye, ta yi siriri a baki amma ta yi kafaɗa a sama, tana da daɗi a yanka marar zurfi, tana cijewa a mai zurfi. Mai kilishi shi ya fi kowa buƙatar fahimtar wannan. Ku kalli hannunsa: ya riƙe curin tsoka, ya kwantar da wuƙa kusan a shimfiɗe, yana ja a hankali yana warware naman har ya zama shimfiɗa ɗaya da ake iya hango hasken rana ta cikinta. In wuƙar tana da kauri a bayan baki, shimfiɗar za ta yage ko ta fito da tudu da kwari, wani wuri ya bushe wani ya ƙi, labu ya kama wani gefe ya bar wani. Abin da mai yanagiba ke nema a tsokar kifi shi mai kilishi ke nema a cinyar sa, kuma dukansu wurin siririyar doguwar wuƙa suka ƙare, ba tare da ɗaya ya taɓa jin labarin ɗaya ba.

Yaya mai saye zai gane wannan a kasuwa? Ba sai da na'ura ba. Ka riƙe wuƙar bakinta na kallon ƙasa, ka kama bayanta da babban yatsa da manuni, ka sauko da su a hankali zuwa kusa da baki, ka tsaya kafin kaifin. Yatsunka za su gaya maka ko ƙarfen yana sirancewa sannu a hankali, ko kuwa faranti ne mai kauri ɗaya da aka goga wa baki a ƙarshe. Yawancin wuƙaƙe masu araha da ake zubawa a faifai irin na biyun ne, an datso su daga shimfiɗar ƙarfe. Sannan ka dubi bayanta daga sama: wuƙar kirki tana da kauri wajen mariƙi, tana raguwa zuwa tsini. Ka ɗaga ta saitin idonka ka ga ko ta miƙe ko ta murɗe. In ta yanka a kan katako ce, ka ɗora bakinta a kan benci ka duba ko haske na wucewa ta tsakiya, domin in akwai rami a nan, albasa za ta riƙa fitowa a haɗe. In mai kaya ya yarda, gwaji da ɗanyen dankali ya fi gwaji da takarda ko gashin hannu nesa ba kusa ba.

Wani zai ce, malam, kana ta maganar fasali, ai sirrin wuƙar Japan a ƙarfenta yake. Akwai gaskiya a nan, ba zan musa ba. Ƙarafan da ake narkawa a garin Yasugi na Japan, waɗanda maƙeransu ke kira shirogami da aogami, sinadarin kabon da ke cikin yawancinsu ya haura kashi 1 cikin 100, alhali ƙarfen sifirin mota da maƙeranmu ke yawan amfani da shi yana wajen kashi 0.6. A ma'aunin tauri na Rockwell wuƙar Japan takan kai 60 zuwa 65, ta Jamus irin ta garin Solingen takan tsaya 56 zuwa 58. Amma a tambayi abin da taurin ke saye. Yana ba maƙeri dama ya sirantar da baki ba tare da ya lanƙwashe ba, ke nan ƙarfen yana yi wa fasali hidima ne. Kuma taurin yana da farashi, domin ƙarfe mai tauri ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake yi. Wuƙa mai tauri 63 in ta haɗu da ƙashin haƙarƙari, ko daskararren nama daga firiza, ko aka yi yanka da ita a kan tiren ƙarfe kamar yadda 'yan tsire da yawa ke yi, bakinta zai ɓantare. Gyaranta kuma sai da duwatsun washi na musamman da ake jiƙawa da ruwa, masu laushi daki-daki, waɗanda ba a rasa su a Sakai amma sai an sha wuya kafin a same su a nan. Wuƙar mahaucinmu mai sassaucin ƙarfe tana dakushewa da wuri, gaskiya ne, amma goga ta a jikin wata wuƙar ko a dutse sau kaɗan ya dawo da ita, yana tsaye bai bar teburinsa ba. Ga mai fawa wannan ba aibi ba ne.

Wani kuma zai ce, to tunda haka ne kowace wuƙa ma ta yi, mai washi zai gyara ta. Nan ma akwai gyara. Duk washi yana cin ƙarfe, kuma kullum bakin yana hawa sama zuwa inda jikin ya fi kauri. Wuƙar da aka yi shekara ana wasa mata baki kawai, ba a taɓa rage mata gefe ba, a hankali take komawa gatari. Maƙeran Japan suna kwantar da gefen wuƙar gaba ɗaya a kan dutse lokaci-lokaci domin su maido da sirantar, kuma babu abin da ya hana mu roƙi mai washi ya yi mana haka. Sai dai a kula da injin washi mai gudu. In ka ga tartsatsi na tashi, bakin ya fara sauya launi zuwa ruwan ƙasa ko shuɗi, to zafi ya kashe taurin wurin, wuƙar za ta dawo da kaifi na yini ɗaya. Mai washin da ya san aikinsa yana ajiye gwangwanin ruwa kusa, yana tsoma ta a kai a kai.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne wanda ake yi a kan maƙeran gida, kuma ya kamata a faɗe shi ba tare da kara ba. Aikinsu ba ya zama ɗaya. Maƙeri ɗaya zai ƙera wuƙa huɗu, biyu su yi kyau, ɗaya ta yi laushi kamar gwangwani, ɗaya ta tsage, domin da ido yake auna zafin ƙarfe kafin ya tsoma shi a ruwa ko baƙin mai, kuma ba kullum yake sanin asalin ƙarfen da ya sayo daga 'yan gwangwan ba. Wani rodin gini yake bugawa, wanda kabon ɗinsa bai kai ya yi tauri ba ko an kwana ana tsoma shi. Maganin wannan yana hannun mai saye: ka tambayi ƙarfen da aka yi ta da shi, sifiri ne ko tsohon zarto ko rodi, sannan ka ɗan goga magagari kusa da baki. In ya zame bai kama ba, ƙarfen ya yi tauri. In ya ci ya bar rami, ka ajiye. Maganar tsatsa kuwa ba ta raba mu da Japan ba, domin shirogami ma yana tsatsa in aka bar shi da ruwan tumatir. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield ta Ingila a 1913, yana buƙatar sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100, kuma akwai mai kyau akwai na banza a cikinsa. Rashin tsatsa bai ce komai a kan yanka ba. Baƙar wuƙa kuwa wanki da gogewa da ɗigon man gyaɗa sun ishe ta.

Iyayenmu mata, ku ma akwai abin lura. Yawancin wuƙaƙen Japan an ƙera su ne domin a yi aiki a kan katako, a tsaye. A gidajenmu kuwa a hannu ake yanka kuɓewa da albasa, ana zaune, wuƙa na tahowa wajen babban yatsa, yankakken yana zuba cikin kwano. Nakiri mai faɗi ko giyuto mai santimita 24 ba su dace da wannan riƙo ba, kuma kaifinsu haɗari ne ga yatsan da ya saba tare bakin wuƙa. Ƙaramar wuƙa marar nauyi, siririya, mai tsawon tafin hannu, ita ce daidai. Mai abincin sayarwa da ke yanka kwandon albasa da kabeji kullum a kan katako, ita ce santoku ko giyuto za su rage wa ciwon wuyan hannu, in tana da halin saye da wurin washi. Sai dai a yi hattara da abin da ake tallatawa a Facebook da sunan Japan. Wuƙar Japan ta gaske mai matsakaicin daraja takan kai dala 100 zuwa sama, kuma tun da dala ta haura naira 1,000 kowa ya san lissafin. In aka kawo maka wata mai zanen igiyar ruwa a jiki da rubutun da ba ka iya karantawa a kan kuɗin cefanen yini biyu, to zanen bugawa aka yi, kuma da ka saukar da yatsunka a jikinta za ka ji farantin nan mai kauri ɗaya.

Hanya mafi araha ga mutumin Ruwan Bago ita ce ya je wurin maƙeri da bayani, ba da kuɗi kaɗai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka mai niyyar layya ya je tun watan Zulƙida, kafin maƙera ta cika da masu gaggawa. Ya faɗi aikin wuƙar. In ta yanka ce, ya nemi tsawon da ya ninka faɗin wuyan dabbar, baki a miƙe, ba giɓi ko ɗaya. In ta fiɗa ce, ya nemi ciki mai lanƙwasa, a dakusar da tsinin da gangan. In ta kilishi ko tsire ce, ya ce a buga ta ta yi siriri tun a kan uwar maƙera, kada a bar wa dutsen washi aikin masaba, kuma ya yarda ya ƙara kuɗi domin wannan bugun yana cin gawayi da lokaci. Bahago da ke sha'awar wuƙa mai gefe ɗaya ya faɗa tun farko, domin wadda aka zaftare wa na dama ba za ta yi masa aiki ba. A Japan irin tasa sai an yi oda ta musamman kuma ta fi tsada, a wurin maƙerin gari kuwa juya ƙarfen kawai zai yi a kan uwar maƙera.